Ƙwaya Uku a Zabirar Baba

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau direban bas ɗin nan mai gashin baki ya yi mini atishawa a fuska. Ina tsakiyar gyara masa saje, na sunkuya dab da shi, sai kawai na ji yayyafi, har madubi sai da ya samu rabonsa. Wai, "Yi haƙuri maigida, 'yar mura ce." Idanu jawur, jiki zafi rau har ta cikin tawul. Na ce ya je gida ya kwanta, ya ce in ya kwanta wa zai ja motar? Duk halinmu ɗaya. Na wanke fuska na kira na gaba.

In ban da wannan, ranar ta yi daɗi. Kujera ba ta huce ba tun safe.

Kafin in fita na yi wa Baba gyaran fuska kamar kullum, a kujerarsa ta bakin taga. Tun da hannunsa ya fara rawa ya ajiye aska, ni nake yi masa. Shi ya koya mini sana'ar, kuma har gobe bai yarda na iya ba. "Yaro, kwantar da askar." Yaro! Ni da furfura ta cinye rabin kaina. A nan nake ba shi maganin hawan jininsa ma. In na ɗaura masa zanen aski, hannuwansa suna ƙarƙashi, na shafa kumfa, na buɗe aska, sai in sa masa ƙwayar a baki in kafa masa kofin ruwa. Haɗiyewa yake ba musu. Ba a gardama da wanda ya riƙe aska a wuyanka.

Uwar yara ta kira daga gidan babbar 'yarmu da ta haihu. Jaririn ya fara murmushi, wai kunnuwana ya ɗauko. Allah ya ba shi haƙuri. Gidan ya rage daga ni sai Baba sai 'yarmu Auta, kuma abincin Auta sai a hankali.

Talata, 4 ga Fabrairu

Auta ta sake tayar da maganar nan. Tana aiki a wajen gyaran gashi na mata, almakashi a hannunta kamar da shi aka haife ta, amma bai ishe ta ba. "Abba, ka koya mini aska mana." Na ce aska ba almakashi ba ce. Ta ce ai ta sani, shi ya sa take so a koya mata. Baba yana gefe yana ta dariya cikin kofin shayinsa, ban san me ya ba shi dariya ba. Na canza magana.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Da safe garau nake. Na yi wa Baba gyaran fuska, har na hure masa gashin da ya maƙale a kunne.

Da rana tsaka abin ya faɗo mini lokaci guda. Sanyi, ciwon kai, gaɓoɓi kamar an yi mini dukan taron dangi. Na rufe shago mutum biyu suna zaune suna jira. Ban taɓa yi ba.

Na ce Auta ta je kemis ta sayo mini kafson da na saba sha. Ta taɓa goshina ta ce ba inda za ta, gobe da sassafe asibiti. 'Yar cikina. Ba ni da ƙarfin faɗa. Biron ma nauyi yake mini.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Asibiti. Likitar ita ce wadda ta duba Baba bara, lokacin da ciwon huhu ya kwantar da shi har muka fara cire rai. Ta cusa mini tsinke mai auduga a hanci sai da na yi ƙwalla. Bayan ɗan jira ta ce ba murar da muka saba ba ce, babbar ce, mai zuwa da zazzaɓi ta kayar da ƙato.

Na ce to a rubuta mini kafsona. Ta yi dariya ta cikin takunkumi. Wai shi wancan wata irin ƙwayar cuta daban yake kashewa, ita wannan bairos ce, ko kwali guda na shanye ba za ta san ina yi ba. Tana da maganinta na musamman, mai hana ta yaɗuwa a jiki, amma ya fi aiki in an fara shi cikin kwana biyu da soma ciwo. "Da ka bari sai jibi, da mun makara." Auta ta kalle ni. Ni kuma na kalli silin.

Safe da yamma, kwana biyar, ko na ji sauƙi kada in tsaya.

Sai ta tambayi Baba. Na tuna jiya da safe, fuskata dab da tasa, har da hure masa kunne. Na faɗa mata ban rage komai ba. Ta sa aka ɗauko katinsa ta duba. Ta ce ya yi allurar rigakafin mura ta bana, kuma ta taimaka, amma tsoho mai irin ƙirjinsa ba a sakankancewa da allura kaɗai. Ta rubuta masa maganin nan dai irin nawa, shi ƙwaya ɗaya kullum, don ko cutar ta shiga kada ta samu wurin zama. Ni in kulle kaina a ɗaki, kada in kusance shi. Auta ta sa takunkumi ta yi ta wanke hannu. Uwar yara ta yi zamanta inda take, kada a yi ta jigilar cuta tsakanin tsoho da jariri.

Na ce, "Likita, to wa zai yi masa gyaran fuska?" Ta ce gemu bai taɓa kashe kowa ba. Huhun Baba ta sani, ba ta san Baba ba.

Ta tambaya ko ni na yi allurar. Auta ce ta amsa mata: wanzami ba ya son jarfa.

Abu ɗaya nake roƙon Allah. Kada ya zama ni na hura wa Baba ajalinsa a kunne.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Na sha ƙwayar safe ciki wayam, ta tayar mini da zuciya. Auta ta ce ai an faɗa mini in ci wani abu tukuna, ban ji ba ne don ina kallon silin. Yanzu burodi da shayi take ajiyewa a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa ta ja da baya, kamar mai ba mugun kare abinci.

Da hantsi na ji sandar Baba a baranda, ƙwas, ƙwas, har bakin ƙofata.

"Yaro! Mutuwa ka yi?"

"A'a Baba, da sauƙi."

"To me kake yi a kwance, rana ta take?"

Na roƙe shi ya ja baya daga ƙofar. Na yi masa bayanin maganin, iya abin da maƙogwaro ya bari. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ina aka taɓa ba mai lafiya magani? Na ce Baba, kai ka sha faɗa mana, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Can sai ya ce, "Nawa da naka iri ɗaya ne?" Na ce iri ɗaya sak, ni biyu a rana, shi ɗaya. Ya ce, "To."

Ban taɓa jin Baba ya ce to da sauri haka ba. Tsufa ya fara sanyaya shi ke nan. Na ji daɗi, na koma barci.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Zazzaɓi ya sauka! Na farka jiƙe sharkaf, kai ya yi sakayau. Na ci ƙwai biyu na nemi ƙari. Ashe lafiya daɗi gare ta haka, mutum bai sani ba sai ya rasa ta. Na tsaya a taga ina kallon titi kamar baƙo: mai gyaran keke, matar da ke share gaban shagonta, wani kare da ya tare hanya motoci na kewaye shi. Komai ya yi mini kyau, har karen.

Na ce wa Auta tun da na warke, sauran ƙwayoyin a ajiye saboda gaba. Ta ce ta bayan ƙofa, "Abba, kada ka sa in kira Likita." Na sha.

Ta ce Baba yana shan nasa a gabanta, ba gardama. Gemun ne matsala. Ya fito fari fat, yana ta susa, ya juya madubin ɗakinsa ya fuskanci bango. Ta ce ta kawo kilifa ta rage masa, ya ce shi ba tunkiya ba ne.

Uwar yara ta kira, ta ji muryata ta yi ta dariya, wai kamar kwaɗo ya faɗa rijiya. Ta kara wa jaririn wayar a kunne na yi masa magana, ya fashe da kuka. Ta ce ka gani.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Bari in rubuta wannan a tsanake.

Da safe Auta ta ajiye tiren shayi, a gefensa ga zabirar Baba, tsohuwar jakar fatar nan da yake zuba asakensa tun yana sana'a. Ta ce shi ya ba ta, wai tun da zaman banza nake yi, in wasa masa su. Na yi dariya na shigo da ita. Na kwance igiyar, na zaro aska ta farko, sai wani ɗan ƙullin takarda ya faɗo kan gado.

Ƙwaya uku. Irin nawa.

Na daɗe ina kallonsu kafin kaina ya ɗauka. Tun ranar Alhamis bai sha ko ɗaya ba. Na ƙwala wa Auta kira, ta zo da gudu, na nuna mata daga nesa. Ta dafe ƙirji. "Wallahi Abba a gabana yake sha!" Ashe na hawan jinin yake jefawa a baki don ta gani, ɗayan ya maƙale shi tsakanin yatsu. Hannun da ba ya iya riƙe kofi ba tare da ya zubar ba. Ba laifinta ba ne. Ni ban taɓa faɗa mata maganar zanen aski ba, don ban taɓa ɗaukarsa dabara ba, abu ne kawai da nake yi.

Shi kuwa gogan ga shi nan tafe, ƙwas, ƙwas, fuska cike da fara'a.

"Ka gani? Ka haɗa da naka, ka tashi da wuri."

Na ce Baba me ka yi haka?

"Kai ka ce in shafa wa nawa ruwa. Gemun ɗana yana ci da wuta, ga ruwa a hannuna, sai in shafa wa nawa? Wane irin uba ke nan?"

Na ce nawa ya ishe ni, ƙari ba zai ƙara mini komai ba sai wahala, kuma na ma warke. Na ce in ka kwanta irin na bara, ni ka kashe. Ya ce, "Ka warke? To ai ka ga amfanin niyyata."

Na koma na zauna a bakin gado da ƙwayoyin a tafin hannu. Na ji haushi, na ji tsoro. Kuma, a nan kaɗai zan faɗa, na ji wani irin daɗi. Mutum ya doshi sittin, ubansa yana satar magani yana aiko masa.

Auta ta kira asibiti aka haɗa ta da Likita. Ta ce kada a kuskura a ba shi ukun a haɗe. A fara ɗaya yau, a ci gaba kullum, a sa masa ido. In aka ji zafin jiki ko tari, a kawo shi nan take, kada a jira a ga yadda za ta kaya.

Saura yadda zai sha. Hanya ɗaya na sani.

Muka sa Auta ta ja kujerarsa zuwa ƙarshen baranda, ta buɗe taga. Ni na tsaya a bakin ƙofata da takunkumi, ina ba da umarni daga nesa kamar ɗan sandan kan hanya. Ɗaura zanen. Ja shi ya rufe hannuwan. Kumfa. Buɗe askar ya gan ta. Yanzu ƙwaya, a bakinsa, da hannunki. Ruwa. Ya harare ni ta saman kumfa, ya haɗiye. Ta ce ya buɗe baki ta gani, ya ce, "Amarya, ko kakarki ba ta yi mini wannan wulaƙancin ba." Ya buɗe.

Na ce to shi ke nan, ta goge kumfar, askin ya jira ni. Fatar Baba ta yi laushi, kuskure kaɗan jini ne. Baba ya ce ba wanda ya isa ya shafa masa kumfa ya goge ba aski. Kafin in ce wani abu ta ja fatar kuncinsa da babban yatsa, ta kwantar da askar, ta sauko da ita sumul. Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan.

Na ce, "Ke, wa ya koya miki riƙe aska haka?"

Ita ta duƙufa kan haɓa, shi ya lumshe ido. Sai daga cikin kumfa na ji, "Kai dai ci gaba da tarinka."

Ashe duk yammacin da nake shago, makaranta ake buɗewa a gidana. A kan balan-balan suka fara, in ji ta, suna shafa masa kumfa, in ya fashe ta faɗi. Na so in yi fushi, ƙarfin bai kai ba.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Auta tana cikin yi wa Baba gyaran fuska, ta gama kunci ɗaya, sai na ga ta tsaya. Ta ajiye aska ta sa bayan hannunta a goshinsa.

"Abba, fuskar Kaka da zafi."

Ya ce ruwan tawul ne. Ba ta ma sa masa tawul ba tukuna. Sai ga ɗan tari, ƙasa-ƙasa, yana ƙoƙarin haɗiye shi.

Ba mu tsaya komai ba. Ta goge kumfar, na sa takunkumi biyu, muka tari tasi. Duk hanya faɗa yake, wai za a kai shi gaban mutane da rabin gemu, shi da ya yi shekaru yana gyara fuskokin garin nan. Ina riƙe da hannunsa ina jin zafin yana shiga nawa.

Gwaji ya nuna ita ce. Likita ta saurari ƙirjinsa gaba da baya, ta maƙala masa wani abu a yatsa ta duba numfashi. Ta ce huhu lafiya tukuna. Ta ce yanzu an bar maganar rigakafi, an koma magani sosai: safe da yamma, kwana biyar, kamar nawa. Ta tambayi yaushe zafin ya fara, Auta ta ce ko awa biyu ba a yi ba. Likita ta ce da kowa zai zo da wuri haka, da aikinta ya yi sauƙi. In numfashi ya fara yi masa wuya, ko ya rikice, a dawo da gudu.

Ta kalli fuskarsa ta ce, "Baba, sabon yayi ne?" Bai kula ta ba.

Tun da abin da ake gudu ya riga ya faru, ta ce zan iya shiga wurinsa. Da muka dawo na ɗauki aska in ƙarasa masa ɗaya kuncin. Na ɗaga hannu, sai na ga bakin askar yana rawa. Ciwon ya tafi da ƙarfina. Na tsaya ina kallon hannuna, Baba ma yana kallonsa. Na miƙa wa Auta.

Yau na sha ƙwayata ta ƙarshe. Ko daɗinta ban ji ba.

Talata, 11 ga Fabrairu

Zazzaɓi. Rabin kofin shayi kawai ya sha. Ina zaune kusa da shi ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Yau bai kira ni yaro ba ko sau ɗaya. Ya Allah.

Laraba, 12 ga Fabrairu

"Wa ya dafa shayin nan? Ruwan wanke kofi kuka ba ni?"

Da wannan Baba ya tashe ni. Ban taɓa jin zagi mai daɗinsa ba. Na taɓa goshinsa, gumi, sanyi ƙalau. Rigarsa ta jiƙe har katifa. Ya ce a soya masa ƙwai, kuma kada Auta ta soya, yana son ransa.

Na shiga kicin ina fasa ƙwai, sai na tsinci kaina ina rawa. Ni. Da cokali a hannu. Auta ta shigo ta gan ni, ta ajiye bokiti ta shiga, muka yi ta juyi tsakanin murhu da firji har ƙwan ya kusa ƙonewa. Daga ɗaki muka ji, "Mahaukata!"

Na kira uwar yara. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce dama ta san tsohon nan sai ya binne mu duka.

Tari yana nan, amma numfashi daidai. Ya ci ya yi barci, har da minshari. Na zauna ina sauraron minsharin kamar rediyo.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Ya ji sauƙi, don haka magani ya ƙare, in ji shi. Na buɗe baki zan yi masa wa'azi, Auta ta yi tari irin na gulma, na tuna ranar Asabar na rufe bakina.

Sabuwar doka ya kafa: shi ba ya shan magani sai da zane a wuya. To na safe da sauƙi. Na yamma fa? Ya ce wannan matsalarmu ce. Yanzu sau biyu a rana ake ɗaura masa zane a shafa kumfa. Da yamma ba abin da za a aske, bayan askar kawai take bi da shi tana kwashe kumfar, shi kuma ya lumshe ido yana gyara mata riƙo. Fuskar ta yi sumul kamar ƙwai. Ya gano hanyar da za a riƙa lallashinsa safe da yamma, kuma ya san mun gane.

Na buɗe shago rabin yini, kilifa kawai, ban taɓa aska ba. Sai ga direban nan, ya rame, gashin bakin ma ya langaɓe. Wai mako guda ya yi a kwance, ya shanye kafso kati biyu a banza, har yanzu ƙafafunsa ba su dawo ba. Na faɗa masa abin da Likita ta ce, na kwana biyun nan, ya ce ai da ya sani. Na ce nan gaba in yana atishawa ya bar gashinsa ya yi tsawo, ba zai gudu ba. Ya ba ni haƙuri har da cire hula. Na yafe masa, amma sai da na ba shi labarin rabin gemun Baba, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Ƙwaya ta ƙarshe ta shiga da yamma. Auta ta ɗaga katin da ba komai a ciki tana nuna wa bango da taga. Baba ya ce to gobe da yamma fa, ba kumfa ke nan? Ta ce ba kumfa. Ya ce ashe dama don magani ake son sa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Likita ta saurari ƙirji ta ce tas. Tarin zai ɗan jima, kada mu damu. Auta ko atishawa ba ta yi ba duk tsawon abin nan, wankin hannu har fatarta ta bushe.

Likita ta ce in na gama murmurewa in zo a yi mini allurar, don murar ba iri ɗaya ba ce, wata na iya biyo baya. Na ce to. Auta ta ce, "Wannan 'to' ɗin irin ta Kaka ce, ko ta gaske?" Har Likita sai da ta dara. Na sa an rubuta mini rana.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Uwar yara ta dawo da hantsi. Ta ajiye jaka, ta durƙusa ta gaida Baba, ta juyo ta kalle ni ta ce, "Wannan baƙon fa daga ina?" Sai a lokacin na shafa fuskata. Tun ranar da na kwanta ban aske ba. Gemu ya fito buzu-buzu, rabi fari rabi baƙi, mai aski guda.

Na ce bari in shiga in gyara. Baba ya dafa sanda ya miƙe daga kujerarsa ta bakin taga. Ya nuna mini kujerar da baki.

"Zauna."

Na ce Baba ai ni nake yi wa kaina. Tun da ya ajiye aska ba wanda ya taɓa mini fuska.

"Yaro, zauna na ce."

Na zauna. Shi ya ɗaura mini zanen, ya daɗe yana fama da ƙullin, ba wanda ya taya shi. Ya kaɗa kumfa ya shafa mini, rabi a kunci, rabi a kunne, har cikin hanci. Uwar yara tana bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a goshina ya tura kaina baya, yadda yake yi mini ina ƙarami in ya zo yi mini aski ina zillewa. Hannun yana rawa. Da ɗuminsa, amma ɗumin mai lafiya, ba zafin ranar Litinin ba. Bai ɗauke ba. Ya ce, "Amarya, zo ki gyara mini ɗan nan."

Na yi niyyar in gyara mata riƙo, in ce ta kwantar da askar, in ce wani abu dai. Na jira kuskure bai zo ba. Sai na rufe ido, hannun ubana a goshina, askar 'yata a wuyana.

Da ta gama ta ce, "Abba, ya na ga idonka ya yi ja?" Na ce sabulun ne, yana da yaji, a canza shi. Baba ya ce sabulun nan da shi ya yi sana'a, bai taɓa sa kowa kuka ba.

Gobe da safe ita za ta yi wa Baba. Na ce musu sai hannuna ya gama dawowa daidai zan karɓa, suka ce to.

Hannun nawa ya daina rawa tun ranar Juma'a. Ban faɗa wa kowa ba.